Jar Fitilar da Na Sa Aka Kashe

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ni direba ne a Kaura Namoda, na shekara goma sha ɗaya ina jan motar mutane. Ina ɗauko gero da dawa daga Moriki da Zurmi, ranar kasuwa kuma in yi Shinkafi. Mutum ne ni mai gaggawa, ko abinci a tsaye nake ci. Da mahaifinmu ya rasu, yayana da ke kula da shanun gidanmu ya ce gara mu sayar da su tun ɓarayin daji ba su kore su ba, kamar yadda suka yi wa maƙwabtanmu. Da abin da muka samu muka je Kano muka sayo sabuwar a-kori-kura a wani kamfanin sayar da motoci, tamu mu biyu, ni ke ja. Ranar da za mu fito da ita, jami'insu ya zaunar da mu ya yi mana bayanin garanti. Ya ce duk abin da ya lalace ba da laifinmu ba za su gyara kyauta, muddin su ke yi mata sabis, kuma babu bakaniken waje da ya kwance ta. Yayana ya saurara da kyau. Ni hankalina yana waje, wurin motar.

A wata na bakwai, ana tsakiyar kaka, wata jar fitila mai siffar butar mai ta fara kamawa a gabana. Na buga wa kamfanin waya, suka ce in ajiye motar, kada in ƙara ɗora mata kaya, in kawo ta su duba, aikin zai iya kai mako guda. Na kasa zaune na kasa tsaye. Buhuna sun taru a Moriki, 'yan kasuwa suna ta kirana, ga shi ban taɓa samun kaka da motar kaina ba. Sai na nufi garejin wani abokina bakanike a bayan tasha, wanda muka tashi unguwa ɗaya. Ya duba baƙin mai ya ga a cike yake, ya ce shi ba ya son taɓa motar garanti. Na matsa masa, na ce ashe zumuncinmu na baki ne. Da ƙyar ya kwance ƙasan injin ya leƙa, bai ga komai ba. Na ce to ya cire wayar fitilar in huta da ganinta. Ya cire, amma ya faɗa mini a fili cewa kashe fitila ba gyara ba ne.

Kwana tara bayan haka na taso daga Moriki da lodi, da wani dattijo da mata biyu da suka roƙe ni in rage musu hanya. Bayan la'asar, tsakanin Moriki da Kaura, a wani wuri da ko fitsari direba ba ya tsayawa yi, injin ya yi wata ƙara ya buga. Mun kusa awa biyu a nan. Duk ƙarar babur da muka jiyo daga daji sai mu ɗauka ɓarayi ne suka iso. Ɗaya daga cikin matan ta toshe bakin jaririnta da nono don kada ya yi kuka, dattijon kuwa carbi kawai yake ja, bai ko dube ni ba. Allah ya kawo wata babbar mota ta kwashe su. Har yau idan na tuna fuskar matar nan sai in ji kunyar kaina.

Aka ja motar zuwa Kano. Da suka tambaye ni ko wani ya taɓa ta, na ce babu. Kwana goma sha biyu ina sintiri a kamfanin. Akwai ɗakin jira mai sanyi da kujeru masu laushi, amma ban taɓa yin minti biyar a zaune ba, kullum ina leƙen wurin gyara ta gilashi. A ƙarshe babban injiniyansu, wani mai furfura da ba ya ɗaga murya, ya kira ni ciki. Ya nuna mini wayar da aka cire, da sawun sifana a jikin notuna, sannan ya nuna mini a kwamfuta ranar da fitilar ta fara kamawa da nisan da na yi bayan haka. Ya ce famfon man irin wannan motar ne ya zo da matsala daga masana'anta, kuma suna ta canza wa mutane kyauta. Ya dube ni ya ce, "Malam, da ka kawo ta ranar da muka ce, da yini ɗaya ka koma gida." Garanti ya faɗi.

A nan ya kamata in tsaya, amma ban tsaya ba. Na dawo na ce wa yayana kamfani ya cuce mu, sun ƙirƙiro hujja ne don su guje wa gyara. Ya yi ta faɗa a majalisa, har ya samo lauya a Gusau. Da ya ji ƙishin-ƙishin cewa an ga motar a garejin abokina, sai na ce iska kawai na je sha, ban san abin da ya yi mata ba. Yayana ya je har garejin ya ci masa mutunci a gaban mutane. Direbobi suka fara janye motocinsu. Ranar Juma'a bayan an sauko abokina ya riƙe hannuna, ya ce shi ba zai tona ni ba, amma in tuna yana da iyali. Daga ranar abinci ya daina shiga mini.

Da safiyar ranar da yayana ya shirya zai tafi Gusau wurin lauyan na tare shi a zaure na faɗa masa komai. Ya ce shanu ba su dame shi ba, dama dukiya mai tafiya ce, abin da ya ƙona masa rai shi ne na sa ya zagi mutumin da bai yi laifi ba. Ya sa ni a gaba muka je garejin, ya ba abokina haƙuri a gaban mutanen da ya zage shi a gabansu, ni ma na faɗi abin da na yi da bakina. Mun sa wa motar injin na hannu, yanzu wani direba ke jan ta, ni na koma jan ta mutane.

Na koyi cewa mako gudan da na ƙi jira ya fi duk abin da na rasa araha, kuma ƙaryar da na yi don in rufe kuskure ta fi kuskuren ɓarna. 'Yan'uwana direbobi, idan motarku tana da garanti ku saurari sharuɗɗan, ku kai ta inda aka ce ko da kasuwa tana ci. Idan kuma kun riga kun yi kuskure, ku faɗa tun yana naku ku kaɗai. Abokina ya yafe mini, muna gaisawa, amma tun daga lokacin bai sake kirana da sunan da yake kirana tun muna yara ba.