Layi Ɗaya a Fayil ɗin Gunvor

Gunvor Näslund ba ta taɓa ɗanɗana giya ba, kuma ni ne shaida, domin shekara arba'in da ɗaya shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nata, ni kuwa ina sha. Tana 'yar shekara goma sha biyar ta shiga ƙungiyar masu ƙin barasa, shekarar da aka tsinci mahaifinta a daskare a bakin hanya da kwalba a aljihu. Ta yi shekara talatin tana dafa wa yaran makarantar ƙauyenmu abinci, har yau ƙattin da suka yi furfura idan sun hango ta sai su gyara tsayuwa. Ba ta da yawan fara'a, ba ta ƙarya, ba ta kuma yar da abin da zai sake amfani.

Wannan hali na ƙarshe shi ya ja mata. Duk ƙarshen Agusta takan tsinke baƙaƙen 'ya'yan itacen bayan gidanta, ta turara su da sukari ta yi saft, a riƙa sirkawa da ruwa ana sha har sanyi ya wuce. Saft mai zafi kuwa sai kwalba mai kauri mai murfin murɗawa, kuma kowace tsohuwa a nan arewa ta san babu kamar kwalbar barasa. Duk wadda na shanye sai in ɗauraye in ajiye mata a gindin shinge. Takan ɗauka ta ce, "Sixten, da hantarka kake yi mini hidima." Ni kuma in ce ta yi mata addu'a.

A shekarar da nake ba da labari, mijinta Helmer, tsohon direban motar katako, ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya. Daga asibiti aka wuce da shi gidan jinyar tsofaffi na ƙaramar hukuma, kilomita arba'in daga nan. Helmer da hannunsa ya gina gidansu, kuma duk zuwan da Gunvor za ta yi abu ɗaya yake iya faɗa mata: "Gida." Sai ta nemi a dawo da shi, ma'aikatan jinya su riƙa zuwa safe da yamma.

Aka turo jami'a ta duba gidan, wata yarinya mai suna Tuva, 'yar birni daga kudu, irin waɗanda a kanti suke sayen saft ɗinsu. Ta iso ƙarfe goma na safe, ranar turara saft. Ta tarar da kwalaben barasa sun fi ashirin a kan tebur, wasu cike, wasu rabi. Ta tarar da tsohuwa fuska ta yi ja saboda tururi, leɓe ya yi shuɗi, hannu yana rawa don ba ta ci abin kirki ba tun faɗuwar mijinta. Gunvor ta tsiyaya mata kofi ɗaya daga kwalba, yarinyar ta ce ta gode, tana bakin aiki. Ba ta tambayi komai ba. Bayan mako biyu wasiƙa ta zo cewa yanayin gidan bai dace da mai jinya ba.

"Wane yanayi?" in ji Gunvor. "Gidan da za ka iya cin abinci a daɓensa?"

Ni na kai ta ofishin ƙaramar hukuma a motata. Ta tsaya gaban kanta ta ce tana son ganin duk abin da aka rubuta a kanta.

"Don me kike buƙata?" in ji mai karɓar baƙi.

"Doka ta ce sai na faɗa miki dalili?"

"A'a, amma fayil ɗin na mijinki ne."

"Sunana yana ciki. Shi kuma ga sa hannunsa." Ta ajiye takarda. Minti goma Helmer ya yi yana rubuta sunansa da hagu, harufan kamar kaza ta yi tono, amma nasa ne.

Mako uku aka yi kafin ambulan ya iso, shafi arba'in da shida. Ta kira ni, ta saka tabarau, tana bin layi da yatsa. A shafi na tara muka gani. Tuva ta rubuta cewa ta ga kwalaben barasa da yawa, kuma matar gida ta miƙa mata abin sha daga ciki da safe. Gaskiya ce, duk da gaskiyar banza ce. A shafi na goma sha huɗu wani ya kwafa ya mai da shi ana zargin matar tana sha. A shafi na talatin, wata da ba ta taɓa ganin Gunvor ba ta rubuta kai tsaye: matar mai jinya tana da matsalar barasa. An kuma aika wa gidan jinyar, abin da ya sa ma'aikatan suke matsowa kusa da bakinta idan ta zo gaisuwa.

Na yi dariya, Allah ya yafe mini, har na ga fuskarta na haɗiye sauran. Ba ta yi kuka ba. Ta cire tabarau ta ce, "Sun ba ni sunan ubana."

Shugabar sashen, wata mai sanyin murya da ake kira Berit, ta karɓe mu da kofi da biskit. Ta ce ta yi matuƙar baƙin ciki. Ta ce abin da ya shiga fayil ba a gogewa, haka dokar ajiya take. Amma akwai hanya mai sauƙi: Gunvor ta sa hannu cewa ta yarda ta riƙa ganin mai ba da shawara kan shaye-shaye, sau uku kawai, a rubuce kawai ma, Helmer ya kwana gida ranar Litinin.

"In kuma ban sa ba?"

"Sai ki rubuta buƙatar gyara, a bincika, a sake ziyara. Zai ɗauki makonni."

"Wato in amsa ƙaryarku da hannuna, ku ba ni mijina."

"Gunvor, ba haka nake nufi ba."

"Haka kika rubuta, ai na iya karatu."

A mota na yi mata faɗa. Na ce ta sa hannu, wa zai karanta takardar banza? Ta ce mutum uku sun riga sun karanta, kowanne ya ƙara nasa. Muka wuce gidan jinya. Ta zauna bakin gadon Helmer ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, har da Litinin ɗin. Ya daɗe yana kallon taga. Sannan ya kama hannunta na dama, wanda take rubutu da shi, ya danne a kan bargo da hagunsa. Ya ce, "A'a."

Ta rubuta buƙatar gyara, shafi biyu, har da yadda ake turara saft, don jahilci kada ya sake samun uzuri. Ta nemi a manna gyaran a duk shafin da aka kwafi zancen, a kuma aika wa duk wanda aka aika wa na farko. Sannan ta turo mini takarda da biro.

"Rubuta."

"In ce me?"

"Ka ce naka ne."

Shekara sittin da tara gare ni, tun ƙuruciya nake lallaɓa shana daga idon hukuma, ga shi ranar nan na rubuta da hannuna cewa ni Sixten Holmgren ni na shanye kwalaben nan duka, ni kaɗai, ba da taimakon kowa ba. Ta karanta ta gyara mini harafi biyu.

Duk ranar Talata sai ta buga waya ta tambayi inda aka kwana, ta rubuta sunan wanda ya amsa da lokacin. Kwana talatin da biyar aka yi. Tuva ta dawo da kanta, idonta a ƙasa, ta sha kofi biyu na saft. Kafin ta fita Gunvor ta ce ta karanta mata abin da ta rubuta, da ƙarfi, a nan kicin. Ta karanta. An manna gyaran a shafuka uku, an aika wa gidan jinya, kuma Gunvor ta sake neman fayil ɗin don ta gani da idonta.

Helmer ya dawo gida farkon Nuwamba. Aka kafa masa gado a falo inda zai riƙa hango dajin da ya yi shekaru yana ɗebo katako. Kwana goma sha tara ya yi a gidansa, ciwon ya sake bugunsa da rana tsaka, Gunvor tana ba shi miya, ya rasu.

Abin ya tsaya mini a rai, kuma na ji haushinta, ba zan ɓoye ba. Bayan jana'iza da mako guda na tarar da ita tana share ƙanƙara a ƙofar gida, na karɓi shebur ɗin, na tambaye ta abin da bai kamata maƙwabci ya tambaya ba. Na ce kwana talatin da biyar ɗin nan, da ta sa hannu, da Helmer a gidansa ya yi su. Ba ta taɓa yin nadama ba?

"Kowace safiya," in ji ta. "Ina farkawa shi ne abin da ke fara zuwa mini." Ta ƙwace shebur ɗinta. "Je ka ɗauko takardar yanzu, ka ga ko zan sa hannu."