Kifin Hajiya Dija

Har yau ban manta da ranar da Hajiya Dija ta shigo shagonmu na famfunan ruwa a unguwar Roumdé Adjia mayafi a karkace ba. Watan Afrilu ne, zafin Garoua ya kai maƙura. Lokacin ni sabuwar mai sayarwa ce, patron kuwa, wato mai shagon, ya tafi Poli aikin rijiya, wayarsa babu rezo.

"'Yata, ki taimake ni," in ji ta. "Famfon tafkinmu ya ƙone. Kifin marigayi Alhaji sun taso sama suna buɗe baki."

Ga waɗanda ba su san aikin ba: idan ruwan tafki ya daina juyawa cikin zafi, iska na ƙarewa a cikinsa, kifi su shaƙe. Famfo iri biyu gare mu a ranar. Akwai babba da ake girkewa a waje, mai jan ruwa da ƙarfi, da ƙarami mai rariya wanda ake nutsawa a ciki. Ƙa'idar shagon, ma'aikaci ke zuwa ya duba wuri kafin a sayar, kuma ma'aikatan duka sun bi patron.

"Ba ni babban, ya fi sauri," in ji Hajiya.

In na ba ta ya yi ɓarna, ni ce. In na hana kifin suka mutu, ni ce. Na ce, "Hajiya, mu je in gani tukuna." Na rufe shago, na ɗauki duka biyun, muka hau moto, wato babur.

Ɗan tafkin siminti ne a gindin darbejiya. Na tsoma hannu, ruwan ɗumi kamar na wanka, ƙasan duk laka da ganye. Sai na ga 'ya'yan karfasa, ba su kai ɗan yatsa ba. Babban famfo zai zuƙe su, ya kuma tayar da lakar. Na nutsa ƙaramin a kan bulo, na ɗaga tiyonsa sama don ruwan ya riƙa zubowa yana fantsama.

Muka zauna. Kifi ɗaya ya juya ciki sama, can wani ya bi shi. Hajiya ta kwashe su da kanta, ba ta ko dube ni ba. Wallahi na gwammace ta yi faɗa. Ina ta addu'ar kada a ɗauke wuta.

Wajen la'asar na leƙa, saman ruwa fayau. Sun koma ƙasa suna yawo. Hajiya ta riƙe hannuna tana hawaye. Ta yi mini godiya da Fillanci: "Useko, 'yata. Da hannunsa Alhaji yake ciyar da su."

Da patron ya dawo na ba shi labari. Ya ce, "Kin je da ƙafarki kin gani?" Na ce e. Ya ce, "Shi ne aikin."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, wanda ya zo a firgice babba zai nema, domin tsoro ke zaɓa masa. Kada ku yi masa gardama a cikin shago. Ku bi shi gida, ku sa hannu cikin ruwan.