Tarkon Farfesa Aleida

A ranar Talata, huɗu ga watan Maris, mijinki Sjoerd ya kira ni ya shaida mini cewa kin rasu a asibiti a birnin Delft, bayan jinyar da kika ɓoye wa kusan kowa. Farfesa Aleida Kuipers, ke ce malamata. Ke kika koya mini kada in karɓi magana sai na gwada ta, ga shi an kawo mini wadda ba ta gwaduwa.

Ke kika rubuta manhajar da cibiyarmu ke hasashen tashin teku da ita, wadda ake dubawa kafin a rufe ƙofofin ruwa idan guguwa ta taso. Ba ki taɓa amincewa da manhajar da wani ya harhaɗa ba. Sai an ba ki ɗanyen rubutunta kin karanta, kin harhaɗa da kanki, sannan ki bi gwaje-gwajenta ɗaya bayan ɗaya. "Ni fa ba na cin abin da ban ga girkinsa ba," haka kike cewa, kina buɗe burodi da cukun da kika ƙunso daga gida.

Ina ɗalibinki kika sa ni harhaɗa manhajar karo na farko. Duk gwaje-gwajen suka wuce, ɗaya ya ƙi. Na yi fama da shi har na rame, daga ƙarshe na zo ofishinki jiki a sanyaye. Dariya kika yi har da buga tebur.

"Zauna, Bram, kada ka sume mini. Tarko ne, ni na kafa shi, ba ya wucewa. Duk wanda ya ce mini komai ya wuce, na san bai gwada ba. Ka ja bakinka ka yi shiru."

Mutane sun ce kina da zargi, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ke ce kika tuƙo keke cikin ruwan sama kika kawo mana miya ranar da matata ta haihu, kika tsaya sai da kika ga ta sha.

Ranar jana'izarki babu wanda ya kai shugaban cibiyarmu, Ruud Bakhuis, iya yabonki. Ana shan kofi da kek ya ja ni gefe.

"Bram, mutumina, albishirinka. Kamfanin da muka ba aiki sun gama ɗora manhajar a sabuwar kwamfuta. Gwaje-gwaje duk sun wuce. Sa hannunka kawai ya rage mu kashe tsohuwar."

"Duka?"

"Duka mana. Kai, ko halin marigayiya ka gada ne?"

Ban ce Ruud ya yi ƙarya ba, wataƙila shi ma faɗa masa aka yi. Sai dai har yau ina tambayar kaina me ya sa aka ba da aikin nan a makon da aka kwantar da ke a asibiti, kuma me ya sa ban ji labarinsa ba sai a wurin makokinki. Yana maganar nan idonsa na kan kofin da ke hannunsa.

Washegari na harhaɗa manhajar da kaina a kan sabuwar kwamfutar. Tarkonki ya kama kamar kullum, saƙonki ya fito a allo: "Madalla, ka gwada da gaske. Je ka sha kofi." A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Da na share ido sai na ga wani gwajin ma ya faɗi, kuma wannan ba naki ba ne. Idan iska ta kaɗo daga arewa maso yamma, sabuwar kwamfutar tana nuna ruwa ƙasa da inda zai kai. Mahaifiyata tana yankin Zeeland, gidanta a bayan katangar da ke tare ruwan teku yake.

Ban sa hannu ba, Aleida, kuma tsohuwar kwamfutar tana nan a kunne. Ruud ya daina amsa gaisuwata. Na san da rubutun nan na tona tarkonki, ki yafe mini. Na riga na kafa wani, kuma ba zan faɗa wa kowa inda yake ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yi miki rahama, Ya kai ki inda ba sai kin binciki kowa ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Sjoerd da 'ya'yanku, Wietske da Hidde. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya tsare mu daga ruwan da ba mu gani ba.