'Ya'yan Kunkuru A Cikin Safa

Ba zan faɗi sunana ba, don 'ya'yana sun girma kuma ba su suka yi laifin ba. Da fari ni mai sayar da takalma ne a Kano, ko wajen mai unguwa ba a taɓa kai ƙarata ba. A ƙarshen shekarun casa'in na fara zuwa Guangzhou saro kaya. Matsalata ɗaya ce, ba ni da haƙuri. In na ga abokaina a unguwar Xiaobei suna loda kwantena ni kuwa ina ɗaure kwalaye, sai in kasa zama, in yi ta zagaya tituna ba inda za ni.

A irin wannan yawon na faɗa kasuwar dabbobin ado, inda na haɗu da wani mai shago da kowa ke kira Lawban, wato maigida. Da ɗan Turancinsa ya tambaye ni ko akwai kunkurun sahara a ƙasarmu. Na yi dariya na ce yara ma wasa suke yi da shi.

Ya ce, "Nan meyo, babu. Hukuma ba ta bari a kiwata sai da lasisi, na daji kuwa an hana shigo da shi. Kai dai kawo ƙanana, sauran aikina ne."

Na san haramun ne a dokarsu, tun da bakinsa ya gaya mini. Amma na ce wa kaina ai kunkuru ne kawai, ba ƙwaya ba ce.

Da na koma gida na sa maharba suka samo mini 'ya'yan kunkuru. Na ɗaure musu ƙafafu, na cusa kowanne cikin safa, na jera su a ƙasan akwati. Kafin mu sauka wasu sun mutu. Waɗanda suka rayu Lawban ya zuba su cikin nasa ya ce shi ya ƙyanƙyashe su. Daga nan sai hawainiya, sai damo, sai 'ya'yan mesa. Tun daga lokacin ban ƙara samun natsuwa ba. A layin kwastan rigata jiƙewa take yi da gumi. A masallacin Huaisheng liman yana huɗuba ni hankalina yana kan akwatin da na bari a otel.

Alhaji Sule, wani dattijo ɗan Kumasi mai aika mana kaya, ya taɓa tare ni. Ya ce, "Ɗana, warin me ke tashi daga jakarka?" Na ce busasshen kifi ne. Ya ce, "In ma ba kifi ba ne, ka ji tsoron Allah." Maimakon in ji, sai na daina gaishe shi.

Kwaɗayi ya sa na fara tsallake Lawban ina sayarwa da kaina. Ta haka na san tsoho Li, wanda ke kiwon kunkuru a saman rufin gidansa da cikakken lasisi. Tun rasuwar matarsa su ne abokan hirarsa. Ranar da na kai masa 'ya'yan kunkuru, 'yarsa ce ta yi mana tafinta.

Ta ce, "Babana yana tambaya, a gidan kiwo aka ƙyanƙyashe su? Ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma."

Na dafa ƙirji na ce ƙwarai kuwa. Har shayi tsohon ya zuba mini da hannunsa.

Ashe nawa suna ɗauke da cuta. Ta shiga cikin nasa suka fara mutuwa. Da ya nemi taimakon jami'an kula da namun daji, suna zuwa suka gane baƙi a ciki, ba kuma wata shaidar inda suka fito. Suka kwashe duka, har da nasa na halal, suka soke lasisinsa. Da suka tambaye shi wanda ya sayar masa, ya kwatanta ni. A otel ɗina na unguwar Liuhua suka same ni, jakata tana motsi a gabansu.

A kotu tsohon bai dube ni ba ko sau ɗaya. 'Yarsa ce ta ce, "A cikin waɗanda aka kwashe akwai kunkurun da ya girme ni. Yanzu kullum Baba yana hawa rufin ya tsaya ba komai." Wannan maganar ta fi hukuncin alƙali yi mini ciwo.

Na yi shekaru a gidan yari cikin mutanen da ba na jin yarensu. Ina can mahaifiyata ta rasu. An ɓoye mata gaskiya, har ta cika tana cewa kasuwa ce ta riƙe ni. Da wa'adina ya ƙare suka sa ni a jirgi, aka hana ni sake shiga ƙasar.

Yanzu facin taya nake yi a bakin titi, kuma na tuba. Ku samari masu ɗokin fita waje, ku ji ni. Duk ƙasar da kuka je, dokarta ta hau kanku, ko da a gida abin wasa ne. Duk kayan da sai kun ɓoye shi, ko sai kun yi ƙarya a kansa, ku ajiye shi tun a ƙofa. Ni na roƙi gafarar Allah, ina kuma sa rai. Amma haƙƙin tsohon nan yana wuyana, ban san inda zan same shi in roƙe shi ba, ban ma san ko yana raye ba.