Sai Ka Je Aiki Kafin A Yarda Ba Ka Da Lafiya

Shekarun baya, lokacin da ƙafata ta ɗan gaji da yawon duniya, na sauka Arlit wurin yayana. Na ce masa mako ɗaya zan yi. Ya dube ni, ya dubi jakata, ya ce wa matarsa ta gyara ɗakin zaure da kyau, shi ya san tsawon makona. Direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, a wani ƙaramin kamfani da ke kwasar dutse a ma'adinin uraniyom. Ni kuwa sana'ata shan shayi da ba da labarin garuruwan da ba su yi kewata ba.

A fadar shayin unguwa na yi aboki, Ba'adare, shi ke rubuta wa kamfanin porogaram ɗin ordinatar, wato kwamfuta. Irin mutumin nan ne da in ka ce masa ina gajiya sai ya fara yi maka bayanin aikinsa. Ya ce harshen da yake rubutu da shi komai fonksiyon ne, wato 'yar ƙa'ida da za ka miƙa wa tambaya ta miƙo maka amsa, ba ta tuna jiya, ba ta riƙon kowa a zuciya. Taƙamarsa ita ce in al'amura suka canza ba ya taɓa cikin fonksiyon ɗin, riga yake ɗinka mata daidai da yanayi. Azumi ya kama, fonksiyon mai tsara tashin motocin ma'aikata ta sa rigar azumi, lokuta su canza. Wuta ta ɗauke daga tashar lantarki ta Cirozerin, ta sa wata. Duk wannan porogaram na cikin gudu, ba a kashe shi ba, yanayin na wucewa ta tuɓe. Na ce masa ashe tela ne shi, boko ya ɓata masa lokaci kawai. Ya ce, “Kai mi ka sani, ɗan yawo?”

Ana haka yayana ya fara tari. Kamfanin na da ɗan asibitinsa, ma'aikaci ya nuna baj, wato katin aiki mai hotonsa, a duba shi a ba shi magani. Da farko ba matsala. Da ciwon ya kwantar da shi ya daina fita aiki, sai ran nan muka je, mai karɓar baj ta sa shi a na'ura, ta ce ordinatar ta ce wannan ba ma'aikaci ba ne. Mutumin da ya yi furfura a kan sitiyarinsu. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na wuce wurin abokina. Ya buɗe ya duba. Ashe fonksiyon mai yarda a ba mutum magani ba ta sa rigar ma'aikaci sai in baj ɗinsa ya taɓa ƙofar ma'adini kwanan nan. Manya ne suka nemi haka, saboda masu tafiya haƙar zinariya su bar wa dangi katinsu. Ya ɗinka rigar azumi, ya ɗinka ta ɗaukewar wuta, ta wanda ciwo ya hana zuwa ƙofar ce ba ta zo masa a rai ba. Kafin la'asar ya rubuta ta. Sai dai ɗora sabuwar riga sai an buɗe masa daga babban buro, wato ofishin kamfanin a Yamai, makullin ba ya hannunsa. Ya aika, aka ce ana dubawa.

Yayana ne da kansa ya kawo dabara. Ya ce tunda ordinatar ma'aikaci take so, a kai mata ma'aikaci. Da safe matarsa ta sa masa kayan aiki da suka yi masa yawa, ni in ɗaura masa takalmi, mu kifa masa hular kwano da ke rufe masa ido. In goya shi zuwa inda motar ma'aikata ke tsayawa, abokan aikinsa su ɗaga shi su ba shi bakin taga. Suna tsokanarsa wai shi ne gwarzon shekara, bai iya tsayuwa ba amma bai yi latti ba. A ƙofa su tallabe shi ya manna baj, na'ura ta ɗauki fuskarsa, ya zauna a inuwa har motar da ke komawa gari ta kwaso shi. Daga nan asibiti, a ba shi magani da fara'a.

Bayan 'yan kwanaki rigar ta sake tuɓewa, mu sake. Kowace tafiya, girgizar hanya da ƙurar dutse suna cire masa fiye da abin da maganin ke mayarwa. Duk muna gani. Abokina kullum yana kan waya, wannan ya tafi hutu, wancan ya ce a jira taro. Ya daina zuwa fada.

Wata safiya na ɗaura masa takalmi ɗaya, na ɗauko na biyu, sai ya dafa kaina.

“Ƙanena, cire min wannan ma. Na yi ritaya.”

“Yaya, yau kaɗai. Wataƙila gobe su buɗe.”

“Kai da ka ce mako ɗaya za ka yi, kai ne za ka faɗa min gobe?”

Na cire. Muka koma sayen abin da ya samu a kantin magani na kasuwa. Bai ga ƙarshen bazarar nan ba.

Izinin ya zo bayan an yi addu'ar arba'in. Abokina ya same ni a zaure, ya ce ya ɗora sabuwar rigar kafin ruwan shayi ya tafasa, tana aiki, babu kuskure ko ɗaya. Sai ya kifa kai a gwiwa. Matar yayana ta ji muryarsa, ta aiko masa da abinci.

Kada ku tambaye ni darasi, ban samu ba. Na nemi wanda zan yi fushi da shi, kowa na kama sai in tarar shi ma wani yake jira. Na ci gaba da yawona, kuma ina ba da labarin nan a tashoshi, daga Agadas har bakin teku. Ana kwashewa da dariya a wurin hular kwano, ni ma ina taya su, kuma nan nake tsayawa. In wani ya ce to ya warke, sai in tambayi wa zai zuba shayi.