Nukaraju, Mai Zama a Teku

A duk gaɓar tekun garin Bimili, Nukaraju ne kaɗai masuncin da aikinsa zama ne. Da hantsi yakan tura kwalekwalensa ya wuce inda igiyar ruwa ke fashewa, ya jefa anga don kwalekwalen ya tsaya wuri ɗaya, ya kunna tabarsa, shi ke nan. Ba ƙugiya, ba koma. Masunta in sun zo wucewa sai su ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, ma'aikacin gwamnati! Yau an gan ka?" Shi kuwa ya ce, "Ku wuce, 'yan baƙin ciki, saura ƙiris."

Ba a gan shi ba, kuma maganar ke nan. A kan tudu akwai tashar bincike mai na'urar radar, wadda ke aika sigina cikin teku, duk abin da ta buga ya mayar mata da amsa-kuwwa. Matsalar ita ce teku ma amsawa yake yi. Kowace igiya da nata surutun, har allon na'urar ya cika da ɗige-ɗige. Ƙaton jirgi yakan fito ɓaro-ɓaro, ɗan kwalekwalen katako kuwa sai ya ɓace a ciki. Haka wani jirgin dakon kaya ya bi ta kan Yallaji, ƙanin Nukaraju, wata safiya mai hazo, ya halaka shi, matuƙan ba su ma san sun taka kowa ba.

Shi ya sa da Dakta Hemalata ta sauko bakin ruwa neman wanda zai riƙa zama mata a teku, bai bari ta gama tambaya ba. Ita ce shugabar binciken, 'yar siririya, ga saurin fushi ga saurin hucewa. Ta ce masa akwai wani lissafi da ake kira nazarin hargitsi: wasu abubuwa a ido kamar hauka suke, alhali da ƙa'ida a ƙarƙashinsu. In surutun teku irinsu ne, za ta hango wanda ke tafe, ta cire shi daga allo, abin da ya rage shi ne mutum.

"Wato za ki koya wa teku yin shiru," in ji Nukaraju.

"A'a, Kawu, zan san abin da zai faɗa tun bai faɗa ba."

"To ai matata ta daɗe tana yi mini wannan."

Ya zauna rani da damina har furfura ta cinye masa kai. Matarsa Satyawati takan ɗaure masa shinkafa da miyar kifi mai tsamiya, tana mitar an mayar mata da miji tutar ruwa. Sau ɗaya tak ya taɓa fitowa a allo, ranar da ya rataye garwar kwashe ruwa a kan gora don ta bushe. Nan take oba-obar da yake magana da tashar da ita ta ɗauki ƙara da muryar Hemalata.

"Kawu! Wane ƙarfe ka rataya? Ka ɓata mini awon yau! Sauke shi!"

Ya sauke, yana ba da haƙuri, amma ranar babu gidan da bai shiga ba yana shelar an gan shi.

Lissafin kuwa bai zo da sauƙi ba. Yakan cafko igiya ta farko, ta bayanta ta kuɓuce. Daga ƙarshe Hemalata ta haɗa surutun bogi, wanda ta san ba shi da kai ba shi da gindi, ta ba lissafin, sai ya ce wannan ma yana da ƙa'ida. A nan ta gane cewa abin da take so ta ji yake gaya mata. Ta sauko bakin ruwa da kanta, idanu jawur.

"Kawu, na kasa. Ko teku ba shi da ƙa'idar da nake nema, ko yana da ita ta fi ƙarfina. Za a rufe aikin."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma tausayinta ya fi kama shi. Ya ce, "Kin ci abinci kuwa?"

Ta buɗe buhu ta fiddo wasu fallayen ƙarfe da aka gicciya aka liƙe, kusurwa ko'ina, irin na cikin garwa. Ta sa an ƙera wa kowane kwalekwale a Bimili nasa.

"Irin wannan an daɗe da saninsa, yana mayar wa radar amsa-kuwwa da ƙarfi," ta ce. "Tun ranar garwar nan ya kamata in yi, na tsaya yi maka faɗa. Ka fita mini gobe, ka rataya shi sama."

Washegari ya jefa anga inda ya saba, ya ɗaure ƙarfen a kan gora, ya zauna. Ko tabar bai kunna ba. Can sai oba-oba ta yi ƙara.

"Na gan ka, Kawu. Tar nake ganinka."

Ya ɗauki oba-obar.

"Ki duba da kyau, 'yata," in ji shi. "Nan da nake jefa anga kullum, nan aka tsinci filafilin tuƙin Yallaji."