Wayar Malam a Cikin Langa

Shekarar da maigidana ya yi ritaya daga koyarwa, gidanmu na Mandawari ya yi wani irin shiru da ban saba da shi ba. 'Yan matanmu suna ɗakunan mazajensu, namijin yana aiki a wani gari. Malam zai dawo daga masallaci ya zauna a tabarma a gindin bango, rediyo a gefensa, ko kunna ta ba ya yi. In na yi masa magana ya amsa da ka. Mutum ne dogo, har gobe sai ya sunkuya yake shiga ƙofar soro, amma a lokacin sai nake ganin kamar kullum raguwa yake yi.

Wanda ya fito da shi daga wannan hali abokinsa ne, wani Alhaji Babarbare da ke Shahuci, mai sayar da huluna. Tare suka buga ƙwallon kwando suna samari. Malam Bafillatani ne, don haka tsakaninsu babu gaisuwa sai tsokana, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Shi ya zo wata ranar Juma'a ya sa masa wani wasa a waya, wanda tsofaffin abokan ƙwallonsu suke yi a junansu.

Washegari da safe ina zuba masa koko na tambaye shi abin da ya kwana a raina.

"Malam, ba dai caca ba ce ko?"

Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa har na manta. "Subhanallahi. Babu mai sa sisi, babu mai cin sisi. Wanda ya zo na ƙarshe tsiya kawai zai sha."

Ya yi min bayani. Kowace rana mutum zai duba 'yan wasan ƙwallon kwando da za su buga a Amurka, ya tsinci wasu daga nan da can ya haɗa tasa ƙungiyar a cikin waya. Kowane ɗan wasa da farashinsa, kuma an yanka maka kuɗin wasa, ba na gaske ba, wanda ba za ka wuce shi ba. Abin da mutanenka suka yi a fili na gaske, jefa ƙwallo a raga ne, cafe wadda ta dawo ne, miƙa wa wani ya ci ne, shi ake tara maka a matsayin maki. Gari na wayewa a ga wa ya fi, sannan a sake sabon zaɓe. Duk da haka sai da na tambayi malamarmu ta Islamiyya. Ta ce in babu kuɗi a ciki, kuma bai hana salla ba, in bar bawan Allah ya yi nishaɗinsa.

Ya kuwa yi. Tsakar gida ta cika da saƙonnin murya da shewar tsofaffi. Na yi ta hamdala.

Sai dai akwai abin da ban lura da shi da wuri ba. Ranarsu can darenmu ne. Sau da yawa sai an kusa fara wasa ake sanar da cewa wane ya ji ciwo, ko an hutar da wane, kuma in ka zaɓi wanda bai buga ba ka tashi a banza. Don haka Malam ya koma zaman jiran labari, ya canza wannan, ya cire wancan. Da safe nake ganin sakamakon: idanu jajur, gyangyaɗi a kan ƙosai, hannu a goshi. Wata rana yana alwalar azahar jiri ya ɗebe shi, Allah ya sa ina kusa, ya dafa kafaɗata muka zauna a bakin rijiya.

A asibiti likita ta ce jininsa ya hau sosai. Ta ƙara masa magani, ta ce maganin ba zai yi aiki shi kaɗai ba, sai da barci. Ta ce mu dawo bayan 'yan makonni ta sake aunawa, in bai sauka ba akwai abin da ake gudu. Ba ta faɗi sunan abin ba, mu ma ba mu tambaya ba. Yayan Malam shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi har ya rasu, ni na riƙa dama masa kunu.

Na san in na ce ya bar wasan gaba ɗaya zai bari, don ba mai musu ba ne. Amma na tuna tabarmar nan da rediyon da ba a kunnawa. Sai na ɗauko wata langa cikin kayan aurena, mai zanen furanni, wadda ba na zuba komai a ciki, na ajiye a gabansa.

"Mece ce wannan kuma?"

"Makwancin wayarka. In ka dawo daga isha'i ta shiga, in ka dawo daga asuba ta fito."

Ya daɗe yana kallon langar. Sannan ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri."

Kwanakin farko ba su yi daɗi ba. Ya zaɓi wani shahararren ɗan wasa mai tsada, ya sa waya a langa ya kwanta, ashe bayan nan an hutar da mutumin. Da hantsi ina shara na ji muryar Alhaji tana tashi daga wayar:

"Bawana, an tashi lafiya? Na ga mutuminka jiya, ya sha kwat ya harɗe a benci yana taunar cingam. Kai kana barci, shi yana hutawa, ai kun dace da juna! Ka koma wajen shanunka, wannan harkar ta masu ido biyu ce."

Malam ya mayar masa: "Babarbare, da bakinka kamar an buɗe buhu. Ubangidanka ne ya ɗaga maka ƙafa." Amma muryarsa babu ƙarfi. Aka yi ta haka, yau na ƙarshe, gobe na kusa da ƙarshe. Wani yammaci ya ce da ni, ba tare da ya kalle ni ba, "Yau dai ki bar min wayar. Rana ɗaya."

Ina yankan alayyahu a lokacin, na ajiye wuƙar na ja kujera kusa da shi.

"Malam, su waɗannan da ake cirewa a ƙurarren lokaci, haka kawai ake cire su? Ko dai akwai irinsu?"

Ya gyara tabarau ya shiga duba kwanakin baya. Na ga malamin makaranta ya farka a cikinsa. Can ya ce akwai irinsu mana. Yawanci tun da rana ana sa wata alama a gefen sunan wanda ake shakkar lafiyarsa, shi ne yake zaɓarsu da fatan za su buga, tunda da yana nan zaune zai canza. Sauran kuma manya ne da suka fara tsufa, waɗanda suka buga jiya kuma za su buga yau.

Na ce, "Ai ko ni, ranar da na yi aikin biki washegari ba na moruwa."

"Ke ma da sai a sa miki alamar," in ji shi. Wayar ta kwana a langa.

Daga nan zaɓen ya koma bayan la'asar, a tsakar gida, ni ina aikina shi yana nasa da ƙarfi don in ji. Duk mai alamar shakka ya daina taɓa shi, komai sunansa. Ya daina tambayar wa ya fi shahara, ya koma tambayar wa ya fi daɗewa a cikin fili, don wanda ke benci ba ya kawo maki. In an riga an tabbatar tun da rana cewa wani babba ba zai buga ba, sai ya nemi wanda zai tsaya a gurbinsa, mai araha ne kuma dole a ba shi lokaci. Na'ibi yake kiran irinsu. Ranar da ƙungiya mai ƙarfi ta haɗu da rarrauna yakan kauce wa manyanta, wai da an yi nisa da ci ake zaunar da su, gara wasan da za a yi kankankan har ƙarshe. Ni dai abin da na riƙe masa guda ne, kada ya ƙarar da kuɗin wasan a kan mutum biyu ya cike sauran da tarkace. Nama zalla ba ya miya.

Bai zama na ɗaya ba. Yakan zo tsakiya, wani lokaci sama kaɗan. Ranar da ya fara wuce Alhaji sai da ya sake kunna min saƙon da ya tura masa: "Bawana, ni ina minshari na wuce ka. In na farka fa?"

Ranar komawa asibiti ban iya karyawa ba. Ma'aikaciyar jinya ta naɗa masa abin awo a dantse, yana kumbura ina salati a zuci, idona a kan fuskarta. Ta rubuta ta kai ciki. Likita ta duba, ta ɗago ta ce, "Baba, me ka canza?"

"Wayata aka kama," in ji Malam. "Ga wadda ta kama ta nan."

Ta ce to kada a sake ta, jini ya sauka, a ci gaba da magani da barci. A cikin adaidaita sahu muna dawowa na ja mayafi na rufe fuska, hawaye suna zuba ina ta alhamdulillahi. Malam ya yi kamar bai gani ba, sai dai ya sa aka tsaya ya saya min rake.

Bayan kwana biyu matar Alhaji ta kira ni. Muka gaisa, muka tambayi yara, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta rage murya.

"Hajiya, wai langar nan taki, mai murfi ce?"

Na ce mai murfi ce, kuma ta ɗora ta a kan kabad inda sai Alhaji ya taka kujera zai kai. Nawa dogo ne, shi ya sa tawa take ƙarƙashin gado.